Hasken da Ya Riƙe Ki

Zuwa ga matata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Yaya aiki, yaya kaɗaici? Mu nan lafiya lau. Inna na gaishe ki, 'yar tamu kuma haƙoranta na sama sun fito, har ta ciji kunnen yaron maƙwabta.

Bayanin da kika yi mini a waya na juya shi a raina ina goge katako. Wai kuna sanyaya ƙwayoyin zarra a cikin kwalbar gilashi har su kusa daina motsi, sai ki haska musu wani haske mai ƙarfi da ake kira leza su kumbura, wadda ta kumbura kuma ta hana na kusa da ita kumbura. Aikinki shi ne daidaita hasken yadda za su ji juna daidai gwargwadon da kike so. In na yi kuskure ki gyara mini, kafinta kika aura.

Abin da na gani da idona dai, ran da muke kiran bidiyo kika jingine wayar a ɗakin gwajinku, kina riƙe numfashi duk lokacin da za ki murɗa ƙaramin madubin nan. Ni ma sai na riƙe nawa.

Yaushe za ki dawo?

Mijinki.

Zuwa ga matata,

Ina gaishe ki, da fatan murar ta sake ki. Saƙon muryarki ya iso. Na yi murna da ƙwayoyin naki suka bi umarni a ƙarshe, ko da yake na ji haushinsu da na kai inda malaminku ke so ki ƙara shekara.

Kin ce in na ce ki dawo, gobe za ki haɗa kaya. Na sani. Shi ya sa na daɗe ban amsa ba. Yarinyar nan in ta ga waya sai ta ce Mama, ta sumbaci gilashin. Gadon da na ƙera mana har yanzu gefe ɗaya nake kwana, kamar baƙo.

Amma muryarki da kike ba ni labarin, rabon da in ji ta haka tun kafin ki tafi. In kika bar leza ɗin yanzu, wani ne zai ƙarasa, ke kuma ki zauna a gabana hankalinki na can.

Ki zauna ki gama. Na riga na gaya wa Inna ni na matsa miki, ta yi mini faɗa son ranta. In ta kira ki, kada ki ƙaryata ni.

Allah Ya tsare mini ke.

Naki,
Baban yarinya.