Kunnen Garba a Hannun Mama Laraba

Zuwa ga Yaya Asabe,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da fatan kina lafiya, ya Malam da yara, ya ƙafar Inna? Mu nan Riyad lafiya lau, sai zafi da kewar gida.

Yaya, shekaranjiya a asibitinmu, lokacin shan shayi, gardama ta kaure tsakanin wasu nas biyu Turawa. Wai a Amurka ana ta muhawara kan shekarun da za a bar matashi ya sha giya. Ɗaya ta ce sha takwas, ɗayar ta kafe sai ashirin da ɗaya, alhali nan ƙasar ko kwalbar ba a gani. Suka ce, "Hadiza, ku a ƙasarku daga shekara nawa ne?"

Wallahi sai Mama Laraba ta faɗo mini a rai, mai burkutun nan ta bayan layinmu a Tudun Wada. Kin tuna ranar da abokai suka ja ƙanenmu Garba gidanta? Ta ajiye ƙwaryarta, ta riƙo kunnensa har zaurenmu, tana cewa, "Ni na yi wa uwarka wankan jego!" Ba ta tambayi shekarunsa ba. Baba ya yi mata godiya, Garba bai sake ba.

Da na ji Nasirunki zai tafi Amurka karatu na yi murna. Amma can wa ya san uwarsa? Don Allah ki zaunar da shi kafin ya tafi.

Ki gaida Inna, a sa mu a addu'a. In Mama Laraba na raye, a kai mata gaisuwata.

Ƙanwarki,
Hadiza