Butata Ta Tagulla Ta Tafi Zurmi

Gwaggo Saliha, assalamu alaikum. Don Allah ki agaza mini da shawara kafin bakina ya sake ja mini wata asarar, don wadda ya ja mini a baya har yau tana cina. Na san in kin karanta za ki yi dariya. Ki yi abinki, matata ma ta yi har da riƙe ciki.

Ni malamin firamare ne a Kauran Namoda, kuma butoci nake tarawa. Ƙwarai kuwa, butocin alwala, waɗanda mu nan muke ce wa shantali. Tun garinmu yana cikin jihar Sakkwato na fara, da wata butar duma ta kakana da aka so a jefar. Yanzu ɗaki guda na ware musu, kafinta ya buga mini katakai a bango. Akwai ta ƙasa, ginin wata tsohuwa a Kurya Madaro, mai sanyaya ruwa kamar randa. Akwai ta dalma mai murfi da sarƙa, wadda wani tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ya ba ni. Akwai na roba masu zane-zane da ake shigowa da su daga Nijar. Akwai 'yar mitsitsiya ta Buzaye da ba ta isa wanke hannu ɗaya ba, amma in kin gan ta sai kin ɗauke ta. Duk Alhamis ɗin da ta faɗo cikin hutu ina kasuwar Shinkafi, ina tonon tarkace wurin masu tsofaffin kaya.

Kuma ba ni kaɗai ke da wannan ciwo a garinmu ba. Abokina Mudi tsofaffin tikitin jirgi yake tarawa, Hayatu kuma kan sarki na wasiƙu. Akwai wani da ba zan faɗi sunansa ba, kaset-kaset na waƙa ya cika akwati da su, da aka ƙaddamar da Shari'a sai ya tura akwatin ƙarƙashin gado. Ni kuwa na ce musu sai yanzu ma kasuwata ta buɗe, wa zai tuhumi mutum don ya tara abin alwala?

To amma duk cikinsu akwai sarauniya. Butar tagulla ce, aikin Bida, mai dogon wuya da zanen ganye a jiki. A Dauran na gan ta hannun wata dattijuwar Bafillatana tana zuba man shanu a ciki. Na yi ta zarya rani da damina tana korata, har ranar da ta gaji da ganina ta karɓi bargo da sabuwar buta ta miƙo mini ita. Duk Juma'a da tsamiya da toka nake goge ta, har sai na ga fuskata a jikinta.

Bayan ƙaramar Sallah surukina, mahaifin matata Zuhura, ya zo ɗaurin aure daga Zurmi, ya biyo ta gidanmu. Zuhura da tsokana ta ba shi labarin ɗakin, ya ce sai ya gani. Na buɗe masa, na durƙusa bakin ƙofa kaina a ƙasa. Baba ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana murmushi, sai ya tsaya kan ta tagullar. Ya ɗauka, ya jujjuya, ya ce rabonsa da ganin irinta tun ta mahaifinsa da ta salwanta a gobara. Kin san yadda muke, Gwaggo. In babba ya yaba abinka sai ka ce ai nasa ne, shi kuma ya sa albarka ya ajiye. Haka na tashi na gani. Bakina ya faɗa tun zuciyata ba ta shirya ba. Gwaggo, Baba bai ajiye ba! Albarka kam ya sa, doguwa ma, yana gamawa ya buɗe jaka ya saka ta. Ni na riƙa masa jakar har tasha.

Labarin da Maimunatu, ƙanwar Zuhura, ta kawo mana daga Zurmi shi ne Baba ba ya rabuwa da ita. Da ita yake alwalar kowace sallah, ranar Juma'a kuma har masallaci yake zuwa da ita yana nuna wa tsararrakinsa, yana cewa mijin Zuhura ya ba shi. Wallahi na ji daɗi, kaina har ya fasu. Sai ta ƙara da cewa butar ta yi duhu, gindinta ya ɗan lotsa don jikoki sun yar da ita, kuma da ita Baba ke shiga makewayi. Butar da ko ƙuda ba na bari ya sauka a kanta!

Yanzu ga inda aka kwana. Zuhura na da ciki, haihuwa ta kusa, bayan mun daɗe muna roƙon Allah, gidanmu kullum cikin murna yake. Baba ya aiko cewa zai zo suna, kuma yana so ya sake leƙa ɗakin nan. Ni dai na sayo wata sabuwar buta mai ƙyalli a Gusau, da niyyar Zuhura ta lallaɓa shi a yi musaya. Ta ce ba ruwanta, bakin da ya bayar shi zai karɓo. Mudi ya ce in kulle ɗakin in ce makulli ya ɓace. Ina son butata, Gwaggo, kuma ina jin kunyar dattijon nan, don bai taɓa yi mini komai ba sai alheri. In nemi abina, ko in haƙura?

Naki, Mai Shantali, Kauran Namoda.

AMSA

Wa alaikumus salam, ɗana Mai Shantali. Na yi dariyar, ba zan ɓoye maka ba, amma ban raina damuwarka ba. Ni ma faya-fayi nake tarawa, na kowane gari da irin saƙarsa, na san yadda gurbin abu guda ke tsone wa mai tara kaya ido ko da ɗakin cike yake. Wannan ba rowa ba ce. Ka sha zarya kafin ka samu butar nan, ka kula da ita, dole ka ji zafin jin ta lotsa.

Sai dai Baba bai yi laifin komai ba. An ce masa tasa ce, ya gaskata. Ka yi tsammanin zai yi kara kamar yadda ka yi, shi kuwa butar mahaifinsa ya tuna, zuciyarsa ta riga kunyarsa. Ka tambayi kowane malami a garinku, zai gaya maka karɓe kyauta bayan an bayar abin ƙi ne, balle kyautar da aka riga aka kai masallaci aka nuna wa jama'a. In ka karɓo ta, me zai ce wa tsararrakinsa ranar Juma'a? Saboda haka maganar musaya ka bar ta, kuma ka fitar da Zuhura daga ciki, ba a sa mai tsohon ciki tsakanin uba da miji. Sabuwar butar ma ba ta yi asara ba. Ka kai masa ita a matsayin ta makewayi, ka ce don ta tagullar ta huta ta tsaya ga alwala kaɗai. Zai gane, kuma zai ji daɗi.

Ka shirya ka je Zurmi kafin haihuwa, ka riƙa tsamiyarka da tokarka. Ka gaida Baba, ka zauna a zaure ka goge masa ita da hannunka, ka nuna wa Maimunatu yadda ake yi. In akwai maƙerin farfaru, mai aikin tagulla, kusa, ya tayar da gindin. Sannan ka kira mai hoto ya ɗauki Baba riƙe da ita, ka kafa hoton a gurbinta.

Shawarar Mudi kuwa ka mayar masa da abarsa. Ba a fara ranar suna da ƙarya. Ka buɗe ɗakin, ka bar Baba ya more kallo. In ya yaba wata, ka ce masa Allah ya saka da alheri, ka shiga ba shi labarin inda ka samo ta da wahalar da ka sha, ka ja labarin har a kira sallah. Bakinka dai ka riƙe shi. Kuma mutumin da ya shiga ɗaki cike da butoci ya ɗauki wadda ta fi, ai ya san buta. Ka roƙe shi ya riƙa cigita maka tsofaffi a gidajen abokansa na Zurmi, ka ga ka yi abokin tara butoci ke nan.

In kuma wata Juma'ar ka dubi katakon zuciyarka ta sosu, ka tuna cewa kai ma ka taɓa shiga gidan dattijon nan ka yaba abin da ya fi so, ya ce maka taka ce, ka ɗauko ka taho da ita Kaura. Har yau bai aiko a yi musaya ba.

Allah ya sauki Zuhura lafiya, ya raya abin da za a samu, ya ƙara wa Baba nisan kwana.

Gwaggonka, Saliha.