Saƙon da babu mai kai wa Baba

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta 'ya ga mahaifiyarta, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji a makwancinki.

Inna, kin tafi kin bar mu da jan aiki, ni da Baba. Ni ce 'yar fari, kin san kunyar da ke tsakaninmu. Ke ce mai kai saƙo. Ko kunu yake so, sai ya ce miki, “Gaya wa yarinyar nan,” alhali ga ni a zaune. Ke kuma ki juyo ki faɗa mini kamar daga Ɗambatta aka aiko.

Bara, bayan rasuwarki, mura ta kama shi ta tayar masa da fuka. Gero ya nuna a gona, shi yana kwance yana numfashi da ƙyar. Na tsorata, Inna. Na ɗauka zai biyo ki.

Bana ma'aikatan lafiya suka ce za su zo makarantar da nake koyarwa su yi wa ɗalibai allurar rigakafin mura, tsofaffi da masu fuka ma su zo. Kwana biyu ina neman wanda zan aika masa. Kawu ya tafi kasuwar Dawanau da wake, ƙannena kuwa kin san ba ya jin tasu.

Sai na je da kaina. Na same shi a zaure yana tufka igiya, na durƙusa na faɗa masa. Bai ɗago ba, ya ci gaba da tufkarsa. Na shiga ɗakinki na yi kuka, har haushinki na ji.

Washegari da hantsi ina jera 'yan aji uku a layin allura, sai ga shi da rigarsa ta Juma'a. Ya tsaya a bayan yara, ya ƙi kujerar da aka ba shi. Da kin ga yadda ya runtse ido da za a yi masa allurar, da kin samu abin tsokana na shekara guda.

Da zai tafi, ya tsaya kusa da ni yana kallon ƙasa. Ya ce, “An ce duk shekara ake yi. Baɗi ma ki tuna mini.”

Ni ya gaya wa, Inna. Babu kowa a tsakaninmu.

Allah ya jiƙan ki, ya haskaka kabarinki, ya bar mini shi har baɗi da baɗin baɗaɗa.

'Yarki mai kewarki,
Hadiza