Ƙofar da Ke Cikin Ɗakin

Auta,

Aikin farko yau: kunna injin kwamfuta, buɗe littafin Baba Direba. Bai buɗu ba.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Na rubuto ne don a waya sai ka yi ta "danna nan, danna can" kamar mai korar akuya. Ka san tsohon nan idonsa ya tafi. Kullum da safe yana zama a kujerar bakin shago, yana faɗin tarihin rayuwarsa ina bugawa, kuma babu kwafinsa a ko'ina sai a injin nan. Tsohuwar manhajar da nake tsara shafuka da ita, kai ka ce sabon tsari ba ya karɓarta, ka gina mata ɗaki a cikin inji, wai chroot. Yau na buga umarnin shiga, inji ya ce bai san shi ba. Na sake a hankali ko ni na tsallake harafi. Ba ni ba ne. Me ka taɓa da ka zo?

Ka huta lafiya.
Yayanka.

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, ya shago? Ni ban taɓa komai ba sai shayinka. Na leƙa injin daga nan ta intanet, kuma apt, mai saka manhajoji da cire su, ba ya mantuwa. Kai ka ba shi umarnin kwashe kayan da ba a amfani da su. Ya jero maka sunaye har da schroot, ya tambaye ka, ka ce e. Tsabtar nan taka ce ta ja. Schroot ɗin mabuɗi ne kawai, ɗakin yana nan. Buga apt install schroot, magana ta ƙare. Kada dai ka taɓa ɗakin kansa.

A gaida mutanen gida.
Autanka.

Auta,

Na amsa gaisuwa don Inna ta hore mu da haka, ba don ka cancanta ba.

Gargaɗinka ihu ne bayan hari. Da na ji ka shiru jiya, na ce ɗakin da ba a iya shigarsa gara a goge a sake gini. Umarnin gogewar da na buga ya daɗe yana aiki, fiye da abin da ɗaki ɗaya zai ci. Na tsayar, na buɗe jakar da nake ajiye ayyukan mutane a cikin inji. Wayam. Har da littafin Baba, don a ciki yake.

Ashe ka huda ƙofa daga ɗakin nan zuwa jakar, duk abin da na goge a can, a nan ya goge. Wane magini ne zai haɗa shago da ɗakin kwana bai gaya wa mai gida ba? Na yi ta tunani ko ka faɗa na manta. Ba ka faɗa ba. Kana yi min dariyar tsabta, kai da ka bar rijiya a buɗe ka tafi.

Yayanka.

Yaya,

Ka yi haƙuri. Ƙofar ni na haɗa don manhajar ta riƙa ganin ayyukan, na ɗauka na gaya maka. Kashe injin ka zare wayar wuta. Ko schroot ɗin kada ka mayar yanzu, duk abin da aka rubuta zai hau kan abin da ya goge. Ina tahowa gobe. Zan gwada dawo da abin da ya goge, ban dai yi alkawari ba.

Auta.

Auta,

Allah ya kawo ka lafiya. Na kashe. Baba ya zo da safe, ya ce, "Ɗan boko, yau injinka ba ya ƙara?" Na ce babu wuta. Ya ce, "To ɗauki biro, yau za mu shiga labarin marigayiya matata." Na ɗauka. Ya yi kuka, na rubuta.

Ayyukan gobe:
Sayen takarda.
Ɗauko ka daga tasha, ba na son surutu a hanya.
Goge kujerar Baba.
Gaya masa.

Yayanka.