Waken da Na Ba Mahaifina Ya Ƙi Yaɗo

Assalamu alaikum, mai kula da wannan fili da dukkan masu karatu. Ina gaisuwa, da fatan damina tana yi mana albarka. Don Allah a sakaya sunana, kuma kafin a zage ni a bari in kai aya, domin zagin da nake yi wa kaina ma ya ishe ni.

Ni ɗan wani ƙauye ne a gefen Kausani, ƙasar Wudil. Da kuɗin man fetur suka shigo gwamnati ta tura ni karatu waje, na dawo ina aiki a wani ɗakin binciken tsirrai. Aikina bin diddigin wani sinadari ne da ake kira kaines, wanda muke zaton shi ke ba ƙwayoyin jikin tsiro izinin girma. Ba a gane amfaninsa sai an ga tsiron da ya rasa shi, don haka muna da wani wake da muka nakasa da gangan. Zai tsiro lafiya, ya yi taƙi guda, ya tsaya cak, babu yaɗo, 'ya'ya ma sai ɗan abin da ba a rasa ba. Abokan karatuna duk sun watse neman kwangila. Ni kaɗai nake wuni a tsakanin tukwanen shuka, wani lokaci har in tsinci kaina ina yi musu magana. Wa zan yi wa hirar kaines? Yarinyar da na so in aura ma, ranar da na fara yi mata bayani hamma ta yi.

Gab da faɗuwar damina na je gida wata Juma'a, na tarar da Baba a ƙofar gida da aminansa. Bayan an gama gaisawa sai ɗayansu ya dube ni ya ce, “To likitan ganye, ɗan wane ya kawo wa ubansa babur, ɗan wane ya rufa wa gidansu kwano. Kai fa, me ka zo mana da shi?” Aka kwashe da dariya. Baba bai yi ba, ƙasa kawai ya kalla. Wallahi wannan kallon ƙasar ne ya gama da ni. A jakata akwai ƙullin waken nan, na ɗebo shi daga filin gwaji zan mayar ɗakin bincike. Ban san sanda na ciro na durƙusa na miƙa masa ba.

“Baba, ga abin da nake aiki a kansa.”

Ya buɗe, ya juya shi a tafin hannu. “Wannan ne irin na zamani?”

Na ce, “Shi ne.”

Na ce a raina gobe zan gaya masa gaskiya. Goben ta zo, na ji shi yana ba liman labari fuskarsa cike da fara'a, sai na fasa. Na ɗauka ai ɗan kaɗan zai gwada a bayan gida. Ashe tsohon irinsa, wanda ya gada wurin kakana, rabar da shi ya yi ga maƙwabta, wai shi ya samu wanda ya fi. Ya zaɓi wuri mafi kyau a gonarsa ta bakin titi, ya zuba masa takin da ya tara tun rani.

Yanzu waken maƙwabta ya rufe ƙasa, nasa yana tsaye kamar jiya ya tsiro. Na je na same shi a durƙushe yana tona gindin wani da yatsa, ko tsutsa ce. Mutumin da ya tsufa a gona! Na zaci zai tuhume ni, har na ji sanyi a raina, na ce yau zan huta. Bai ko kawo haka a zuciyarsa ba. Wai ɗansa mai ilimi ba zai kawo abin banza ba.

“Irin zamani hannun zamani yake so,” in ji shi. “Noma ya wuce da sanina, yaro. Gara in sauka da mutuncina.”

Akwai wani ɗan kwangila da ya daɗe yana bibiyar gonar, yana son wurin ajiye tifofinsa masu ɗibar yashi a kogin Wudil. Da, ko zancen Baba ba ya bari a gama. Yanzu shi da kansa ya aika masa, Juma'a mai zuwa za a yi ciniki, kuma ni ya zaɓa in zama shaida. Da zan taho ya rako ni har bakin titi, ya riƙe hannuna, ya rage murya ya ce, “Ka yi haƙuri, na ɓata maka irinka. Kada ka faɗa a wurin aikinku, su ce ubanka ne.”

Na yi kuka a mota har muka haye gadar Wudil, na kusa da ni ya zaci rasuwa aka yi min.

Jama'a, in na faɗa, gonar za ta tsira, amma zai san na kalli tsabar idonsa na ba shi nakasasshen iri don kawai a daina yi min dariya. Shi kaɗai ya rage a duniya da ke ganin aikina da daraja. In na yi shiru, zan zauna a tabarma ina kallo a sayar da gonar a kan laifin da ba nasa ba. Ba ni da wanda zan tambaya sai ku.

Me zan yi?