Ranar da Dogo Ya Miƙa wa Malama Ƙafa

Litinin, 4 ga Agusta

Na je makarantar renon da nake so ɗana Dogo ya shiga. Dogo dai laƙabi ne, ko tebur bai kai ba. Malamar ta ce ba karatu take nema ba. Yaro ya iya sa takalminsa, ya ci abinci da kansa, ya wanke hannu, ya faɗa in fitsari ya matse shi. Za ta gwada yaran cikin watan nan, wanda bai iya ba sai baɗi. Ni ina kantin magani tun safe har yamma, sai na roƙi Umma, mahaifiyata, tunda ita ke wuni da jikan nata, ta daina yi masa komai, ta bar shi ya yi fama. Ta ce, "Angon nawa? Bar min shi kawai."

Laraba, 13 ga Agusta

Na dawo na same shi tsaf, takalmi a ƙafa, maɓallan riga a jere. Na ce wa ya sa maka? Ya ce, "Ni na yi." Har tafi na yi masa. A wurin aiki na cika wa mutane kunne kamar wadda ta haifi farfesa.

Alhamis, 21 ga Agusta

Yau na sha kunya, kamar ƙasa ta tsage in shige.

Malama ta ce yara su cire takalma su mayar. Kowane yaro ya duƙa yana kokawa da nasa. Nawa kuwa ya hakimce a kujera ya miƙa wa malama ƙafa. Aka kawo abinci, ya ajiye hannu a cinya ya hangame baki yana jiran cokali. Baiwar Allah ta gaji ta sa masa takalmin da kanta. Ya dube ta ido cikin ido ya ce, "Ni na yi."

Ashe abin da aka koya masa ke nan. Malama ta tausaya, ta ce mu dawo farkon wata, daga wannan damar ba wata.

Juma'a, 22 ga Agusta

Na tsare Umma. Ko musu ba ta yi ba. Wai ba za ta iya kallonsa yana wahala ba. To, ƙaryar fa? Wa ya sa masa ita a baki? Ta hau gyara ɗankwali.

Baban Dogo ma ashe ya sani. Wai ya ga ina murna ne, bai so ya ɓata min. Bakinsu ɗaya, ni ce sakarar gidan. Uwar da ta haife ni ce ta ci amanata, shi ya fi ƙona min rai.

Lahadi, 24 ga Agusta

Gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Asabar, 30 ga Agusta

Kullum kafin in fita sai mun yi dambe da takalmi, ni da Dogo. Kuka, majina, na hagu a ƙafar dama. Umma takan shige ɗaki ta rufo ƙofa. Yau na jiyo ta a waya tana ce wa ƙanwarta, "In ya tafi makaranta, ni da wa zan wuni? Da bango?"

Wannan ba hujja ba ce. Da ta faɗa min mana. Ni dodo ce?

Alhamis, 4 ga Satumba

An ɗauke shi. Ya zubar da rabin abincin a riga, malama ta ce haka ake so. Na gaya wa Umma daga bakin ƙofa. Ta ce, "Madalla," ba ta ɗago ba.

Litinin, 8 ga Satumba

Ya fara zuwa. Ko waiwayo bai yi ba, ɗan banza.

Da hutun rana na leƙo gida, wai na manta makullin kabad. Falo shiru. Umma na zaune a kujerarta, hannu biyu a cinya, ko rediyo ba ta kunna ba. Na tsaya a bakin ƙofa. Sai na ji bakina ya ce kitsona ya tsufa. Na kwance ɗankwali na zauna a ƙasa gabanta, rabona da haka tun ina 'yar makaranta.

Ba huce na yi ba. Kan ne dai yake min ƙaiƙayi. Hannunta har yanzu da zafi, ta ja gashin sai da na yi ƙwalla. Ta so ta gama yau. Na ce ta bar rabi, gobe ma da rana zan shigo.