Rasuwar Malam Nehemiya Wusasa da Maganar "Jini Zai Saba"

Cikin alhini, da ɓacin ran da ba mu da niyyar ɓoyewa, Reshen Matasa na Ƙungiyar Masu Feshin Maganin Ƙwari ta Fagge da Sabon Gari ke sanar da jama'a rasuwar yayanmu kuma malaminmu, Malam Nehemiya Wusasa, wanda ya yanke jiki ya faɗi ranar Talata yana tsaka da feshi a wani sito bayan Kasuwar Singa, ya kuma cika a asibiti washegari.

Marigayin ya zo daga Zariya yana saurayi, ya fara da dako a Tashar Jirgin Ƙasa, daga baya ya goya tankin feshi, kuma daga Sabon Gari har Rijiyar Lemo da wuya a sami gidan burodi ko siton da bai san shi ba. Ba ya buɗe kwalba sai ya ga an fitar da yara da kaji da ruwan sha. Da azumi shi ke karɓar aikin tsakar rana na abokan sana'arsa Musulmi, ranar Lahadi su karɓi nasa ya tafi coci.

Ya daɗe yana kukan ciwon kai, dalalar miyau da dishi-dishin ido duk ranar da ya yi aiki. Ya kai kukan gaban dattawan ƙungiya, sai Mai Girma Shugabanmu, Alhaji Wali, ya yi dariya ya ce: "Sha madara, Nehemiya, jininka ne bai gama sabawa ba. Ni ban taɓa sa takunkumi ba, ga ni."

To, jini ba ya sabawa. Likitan da ya duba shi ne ya fara faɗa mana, mu ma muka je muka karanta da kanmu: akwai wani sinadari da hanta ke zubawa cikin jini, ana ce masa PON1, wanda ke farfasa wasu daga cikin irin waɗannan gubobi kafin su taɓa jijiya. Wani ya gaji mai yawa, wani kaɗan. Shaƙar magani ba ta ƙara shi, madara ba ta maye gurbinsa, mai yawan ma ba ya tsira in gubar ta yi yawa. Wato in Alhaji ya kai yau lafiya, ba jarumtaka ba ce, kuma lafiyarsa ba ma'aunin ta kowa ba ce.

Da jahilci ne kawai, da mun yi kuka mun yi shiru. Amma mun tabbatar an yi wa shugabanninmu wannan bayani dalla-dalla a wata bita bara. Sun je, sun ɗauki hoto, sun dawo ba su ce mana uffan ba. Takunkumi da safar hannun da aka ba su domin mu suna nan a ofishin ƙungiya, ko ledarsu ba a yage ba.

Muna miƙa ta'aziyyarmu ga uwargidansa, Madam Magret, da 'yarsa Mirabel, da dangi na Kano da Zariya. Allah Ya ba su haƙuri da ƙarfin zuciyar ɗaukar wannan rashi, Ya zama gatansu.

A wurin zaman makoki mun ji dattawa na cewa, a matsayin taimako ga iyali, ƙanin marigayin, Lucky, zai gaji tankin da gidajen da yake wa feshi daga ranar Litinin. Lucky uwa ɗaya uba ɗaya suke da Nehemiya, kuma babu wanda ya san abin da ke cikin jininsa. Saboda haka muna sanar da Mai Girma Shugaba cikin ladabi cewa tankin yana hannunmu. Ba Lucky kaɗai ba, babu ɗayanmu da zai sake goya tanki sai an raba kayan kariyar nan, kuma shugabanni sun tsaya gaban Madam Magret sun maimaita mata abin da aka faɗa musu a bita.

Sa hannu:
Bahauddeen Hamzat Fagge
Kakakin Reshen Matasa